Yadda ake rage hayaniya a siginar gwajin ƙarfe da sautin altirasonik

Na'urar gwajin altirasonik tana harba ɗan gajeren sauti cikin ƙarfe, wanda kunne ba ya ji, mai kaɗawa sau miliyan 2 zuwa miliyan 5 a daƙiƙa a yawancin aikin walda. Daga nan sai ta kasa kunne. Idan akwai tsaga, ko kumfar iska, ko wurin da walda ba ta kama ba, sautin ya bugi wurin ya dawo, amsar ta miƙe a allo kamar tsini. Da haka ake duba bututun gas, tankin mai, tukunyar tururi da sandar injin ba tare da an yanka ko an fasa komai ba.

Matsalar ita ce amsar ƙaramar tsaga ba ta da ƙarfi. Dole a ƙara wa na'urar ƙarfin ji, da an ƙara kuwa sai ƙasan allo ya cika da ƙananan tsinaye. Kuskure biyu ne ke jiran mai gwaji a nan: ko ya ga tsagar da babu, a sa mai walda ya gurje aiki mai kyau, ko tsagar gaske ta ɓuya cikin hayaniya, a sa hannu a takarda, bututu ya shiga aiki da aibinsa.

Hayaniyar ba iri ɗaya ba ce, kuma maganin wata ba ya taɓa wata. Shi ya sa tsarin aikin yake haka: a auna ta, a gane irinta, a gyara abin da hannu zai iya gyarawa, kwamfuta ta zo daga ƙarshe.

Mataki na 1: auna hayaniyar kafin ka taɓa komai

Ka nemi tubalin awo na ƙarfe irin wanda za ka gwada, mai kauri kusan ɗaya, in kuma walda ce za ka duba, tubalin ya kasance da walda irin ta aikin. A jikinsa a huda rami ta gefe mai faɗin milimita 3, irin wanda ƙa'idar ISO 17640 ke aiki da shi. Tubalin V1 da ke cikin jakar kowane mai gwaji yana da amfani wajen saita nisa da kusurwa, amma baƙin ƙarfe ne mai ƙananan ƙwayoyi, ba zai faɗa maka komai game da hayaniyar waldar ƙarfe mara tsatsa ba.

Mayar da maɓallin Reject, mai share ƙananan tsinaye daga ƙasan allo, zuwa sifili. Nemo amsar ramin, ka ɗaga ta da maɓallin Gain, wato na ƙarfin ji, har ta kai kashi 80 na tsayin allo. Kada ka sake taɓa maɓallin. Matsa da furob, wato kan da ake dafa wa ƙarfen, zuwa gefe inda babu rami, ka karanta tsinin hayaniya mafi tsawo a daidai zurfin da ramin yake. In ya kai kashi 20, amsar ta ninka hayaniya sau 4, tazarar ita ce desibel 12 (desibel ma'auni ne na kwatanta tsayin sigina biyu). In ya kai kashi 40, desibel 6 kawai gare ka. In kashi 10 ne, desibel 18. Kowane desibel 6 ninki biyu ne, desibel 20 kuma ninki goma.

Rubuta lambar. Duk gyaran da za ka yi daga baya, da ita za ka gane ko ya yi amfani. ISO 17640 tana son hayaniya ta zauna aƙalla desibel 12 ƙasa da matakin da ake fara tantance alama, wanda shi kansa yana ƙasa da tsayin amsar ramin, sai in takardar aikin ta sassauta.

Mataki na 2: gane wace iri ce

Wannan matakin minti biyar ne, kuma shi mutane suka fi tsallakewa.

Ɗaga furob sama, ka goge man haɗin da ke ƙasansa, wato wanda ake shafawa tsakaninsa da ƙarfe. Hayaniyar da ta rage a allo ba daga ƙarfen take ba. Cire wayar daga jikin na'urar: in ta ɓace, waya ce ko furob ke kwaso ta daga waje. In tana nan, daga cikin na'urar take, ko ta hanyar caja.

Mayar da furob kan ƙarfen, ka riƙe shi cak. Hayaniyar da ke rawa tana canja siffa alhali hannunka bai motsa ba, ta lantarki ce. Wadda ta daskare, ba ta canjawa sai ka matsa da milimita 1 ko 2 sannan ta sake kama gaba ɗaya, daga ƙwayoyin ƙarfen take. Ita ce masu sana'ar ke kira ciyawa. Tsagar gaske ba ta yin haka: tana tashi a hankali, ta kai ƙololuwa, ta sauka a hankali, in kuma furob mai kusurwa ne za ka ga tana tafiya a kan layin nisa yayin da kake matsowa.

Tsinaye masu ratsa allo lokaci-lokaci, su zo su wuce ba tare da wurin zama ba, nemi injin walda, injin gurza ko inbata da ke aiki kusa. A kashe shi na daƙiƙa goma ka gani.

Tsini guda mai kyau, tsayayye, wanda ya fito a inda bai kamata ba, canja yawan bugun na'urar a daƙiƙa, abin da aka rubuta wa PRF. In ya matsa ko ya ɓace, amsar bogi ce. Ga yadda take samuwa. Sauti yana tafiyar kusan mita 5,920 a daƙiƙa cikin baƙin ƙarfe. Sanda mai tsawon mita 1, zuwa da dawowa mikrodaƙiƙa 338 ne (mikrodaƙiƙa kashi ɗaya ce cikin miliyan na daƙiƙa). In na'urar na bugu sau 1,000 a daƙiƙa, tsakanin bugu da bugu mikrodaƙiƙa 1,000 ne. Amsar ƙarshen sandar karo na uku za ta iso a 1,014, wato bayan sabon bugu ya fita da kusan 14, sai na'urar ta nuna ta a matsayin aibi a zurfin kusan milimita 40. Babu komai a wurin. Ƙarfe mai kyau, wanda ba ya shanye sauti, shi ya fi yin wannan.

Na ƙarshe, shafa mai a yatsa ka dinga taɓa saman ƙarfen gaban furob da kan waldar. Tsinin da ke sauka duk lokacin da yatsanka ya taɓa wani wuri, daga saman ƙarfen yake: igiyar da ke bin fuska, ko tudun walda, ko gefen kaya.

Mataki na 3: fuskar ƙarfe, man haɗi da waya

Tsakanin ƙarfe da iska kusan duk sautin ke komawa baya. Ko da ruwa ne a tsakani, kusan kashi 88 ke komawa. Saboda haka duk ɗan gurbin iska ƙarƙashin furob asarar sigina ce, kai kuma ka rama da ƙarin Gain, hayaniyar lantarki ta biyo. A kankare tartsatsin walda, ɓawon tsatsa da fentin da ya ɗaga. A gurje a bi da faifai mai laushi, kada a bar kwari da tudu: gurbin da ke tsakanin takalmin furob, wato robar da ke ƙasansa, da ƙarfe kada ya wuce rabin milimita. A kan ƙaramin bututu, a sassaƙa takalmin ya bi lanƙwasar, sannan a sake saiti da tubali mai lanƙwasa iri ɗaya.

Man haɗin da aka yi saiti da shi, da shi za a yi gwaji. A kan ƙarfe mara tsatsa kada a shafa duk man da aka samu. Ƙa'idar ASME, ta ƙungiyar injiniyoyin Amurka, ta taƙaita kulorin da danginsa a kashi 250 cikin miliyan, haka sulfa a kan gaurayen nikel, domin suna iya haddasa tsagewa daga baya.

Zafi ma yana da hannu. Ƙarfen da ya wuni a rana a Kano ko Damagaram cikin watan Afrilu yakan busar da man haɗi mai ruwa-ruwa kafin ka gama layi ɗaya, kuma zafin yana canja saurin sauti a cikin robar takalmin, kusurwa ta goce. ISO 17640 ba ta yarda bambancin zafi tsakanin lokacin saiti da lokacin gwaji ya wuce digiri 15 ba. Ka ajiye tubalin a kan kayan har zafinsu ya daidaita, ko a yi gwajin da sassafe. Lokacin hunturu kuma ƙura na shiga man, ta cinye takalmin ta gefe ɗaya. A dinga duba kusurwa.

Sai bambancin fuska tsakanin tubali da kaya. Da furob biyu masu kusurwa ɗaya, ɗaya na turawa ɗaya na karɓa, auna tsayin sigina a tubali sannan a kayan. Bambancin da bai kai desibel 2 ba a ƙyale shi. Daga 2 zuwa 12 a rama da Gain. In ya haura 12, a koma ga gyaran fuska a nemo dalili.

Game da lantarki, abu mafi sauƙi shi ne cire caja a yi aiki da batir. A yawancin filayen aiki janareto ɗaya ne ke ba injin walda wuta yake kuma cajin na'urar gwaji, ta nan hayaniyar ke shiga kai tsaye. Wayar furob ta zama gajera iya buƙata, kada ta kwanta gefen wayar walda, in dole su haɗu su gitta juna. Murɗa wayar a hankali daf da mahaɗinta kana kallon allo: in hayaniya na tsalle, sulken da ke cikin wayar ya karye, canja ta. Idan ana walda a kan bututun da kake dubawa, babu dabarar da ta kai a dakata har ka gama.

Mataki na 4: saitin na'ura

Fara da faɗin bugu, in na'urarka mai bugun murabba'i ce. Ya kamata ya yi daidai da rabin lokacin kaɗawa ɗaya na furob: nanodaƙiƙa 100 (nanodaƙiƙa kashi ɗaya ce cikin dubu na mikrodaƙiƙa) ga furob mai MHz 5, wato mai kaɗawa sau miliyan 5 a daƙiƙa, 250 ga mai MHz 2, 500 ga mai MHz 1. Ka sa wannan, sannan ka ɗan matsa sama da ƙasa kana kallon amsar ramin har ta kai iyakar tsayinta. Sau da yawa desibel kaɗan na ɓoye a nan.

Ƙara ƙarfin bugun, misali daga bolt 100 zuwa 200 ko 300, yana ɗaga amsa sama da hayaniyar lantarki, muddin furob zai ɗauka. Furob masu yawan kaɗawa farantan da ke fitar da sauti a cikinsu sirara ne, a duba takardarsu tukuna. Ƙarin dannewa, wato rage lambar Damping zuwa om 50, yana gajarta karkarwar furob, ya buɗe maka yankin da ke daf da fuska, sai dai yana rage tsayin amsa.

Filtar cikin na'ura ta kewaye kaɗawar furob. Hayaniyar lantarki tana ƙaruwa da tushen murabba'in faɗin filta, don haka rage faɗin daga MHz 20 zuwa MHz 5 yana ba ka desibel 6 kyauta. Ga furob mai MHz 5, filtar 2 zuwa 8 ta isa. Kada ka matse ta fiye da kima, domin matsattsiyar filta tana tsawaita amsa, aibu biyu da ke kusa su haɗe su zama ɗaya.

PRF kuwa a sauke shi har amsar bogi ta ɓace, amma kada ya yi ƙasa har ka tsallake aibi don gudun hannu. ASME ta sa iyakar gudun furob a milimita 150 a daƙiƙa, sai in an tabbatar da wani gudun.

Reject ya zauna a sifili. Yana share ƙasan allo ne kawai, ya share ƙananan aibu tare da hayaniya, kuma a na'urori da yawa yana ɓata daidaiton tsayin amsa. Allo mai tsabta da aka samu ta wannan hanya yaudarar kai ce.

Mataki na 5: ciyawa

A nan aikin yake. Ƙarfe tarin ƙwayoyi ne, kowace tana fuskantar inda ta ga dama, kuma saurin sauti a cikin ƙwaya ya dogara da inda ta fuskanta. A kowace iyaka tsakanin ƙwaya da ƙwaya ɗan sauti na warwatsewa, wani ya dawo wa furob. Ciyawa amsa ce ta gaske, daga bugunka ta samu. Ƙara bolt ko Gain kamar kunna babbar fitilar mota ce cikin hazon hunturu: hasken ya ƙaru, hazon ya ƙara fari, hanyar ba ta ƙara fitowa ba.

Abin da ke hukunci shi ne girman ƙwaya in an gwada shi da tsawon zango. Tsawon zango shi ne saurin sauti a raba da yawan kaɗawa. A baƙin ƙarfe, igiyar matsi, wato sautin da ke kaɗa ƙarfe gaba da baya bisa hanyar tafiyarsa, mai MHz 5 zangonta kusan milimita 1.2 ne, mai MHz 2 kusan milimita 3. Igiyar gicciye, mai kaɗa ƙarfe gefe da gefe, wadda furob masu kusurwa na yau da kullum ke aiki da ita, tana tafiyar kusan mita 3,230 a daƙiƙa, don haka a MHz 4 zangonta milimita 0.8 ne kacal. Da ƙwaya ta kusanci kashi ɗaya cikin goma na zango, ciyawa ta fara damu. Muddin ƙwayoyin sun fi zango ƙanƙanta sosai, warwatsewar tana bin yawan kaɗawa a ninke sau huɗu: ka rage kaɗawa da rabi, ta ragu sau 16. Babu wata filta da za ta ba ka irin wannan riba.

Saboda haka matakin farko shi ne sauka daga MHz 4 ko 5 zuwa 2, in ta kama zuwa 1. Kuɗin da za ka biya shi ne ƙananan aibu: abin da bai kai kusan rabin zango ba yana da wuyar gani. Ka gwada furob biyu ko uku a kan ramin tubalin, ka ɗauki mafi yawan kaɗawa da ya ba ka tazarar da ake buƙata.

Waldar ƙarfe mara tsatsa, irin su nau'in 304 da 316, ta fi kowace wahala. Ƙwayoyinta dogaye ne, suna girma bisa hanyar da zafi ya bi ya fita, wasu su kai milimita da yawa. Suna warwatsa sauti, suna kuma karkatar da shi, ka ga aibi a inda ba nan yake ba. Igiyar gicciye ta fi shan wahala a ciki. Abin da ake yi shi ne komawa furob mai kusurwa mai igiyar matsi, mai farantai biyu, ɗaya na turawa ɗaya na karɓa, wanda ake sayarwa da sunan TRL, galibi MHz 1 zuwa 2. Ribarsa biyu ce: zangon ya fi tsawo, kuma furob ɗin ba ya ji sai daga inda hasken farantan biyu ya gitta, don haka ƙwayoyin da ke aiko da hayaniya a lokaci guda sun ragu. Ƙa'idar wannan aikin ita ce ISO 22825.

TRL yana da sharuɗɗa. Kowane furob yana da zurfin da ya fi ji, walda mai kauri kan buƙaci biyu ko uku. Yana fitar da igiyar gicciye tare da ta matsi, a kusurwar da ke wajen digiri 30, ita ma tana dawo da nata amsoshin a makare, kada ka ɗauke su aibi. Sannan igiyar matsi tana asarar yawancin ƙarfinta in ta bugi bayan ƙarfe, don haka kai tsaye ake dubawa, ba a dogara da tsallen dawowa. Wannan kan tilasta a gurje tudun waldar ya yi daidai da fuska, a duba daga gefe biyu.

Mataki na 6: ɗaukar matsakaici

Na'urar ta yi bugu da yawa a wuri ɗaya, ta tara, ta raba. Amsar gaske tana nan yadda take kowane bugu, hayaniyar lantarki kuwa tana canjawa, sai ta cinye kanta. Bugu 4 suna ba da desibel 6, bugu 16 desibel 12, bugu 64 desibel 18, bugu 256 desibel 24. Duk ƙarin desibel 6 sai ka ninka lokaci sau huɗu.

Lokacin nan yana da muhimmanci in furob na tafiya. Da PRF 1,000 da matsakaicin 16, kana samun layi, wato sigina ɗaya da aka gama tarawa, kusan 62 a daƙiƙa. A gudun milimita 100 a daƙiƙa, kowane layi ya shafe milimita 1.6. Da matsakaicin 64 ya zama milimita 6.4, ƙaramin aibi ya narke a ciki. A tara siginar ɗanya, mai sama da ƙasa, kafin a miƙar da ita, wato a juya ɓangaren ƙasa zuwa sama. In ka tara wadda aka riga aka miƙar, hayaniya ba ta soke kanta, tana zama tudu ne kawai. Agogon ɗaukar sigina kuma ya kasance a ɗaure da bugu: a MHz 5 kaɗawa ɗaya nanodaƙiƙa 200 ce, gocewar 50 ta isa ta fara cinye amsar.

Ciyawa ba ta jin wannan magani ko kaɗan, tunda kowane bugu ita ma tana dawowa yadda take. Abin da ke taɓa ta shi ne matsakaicin wuri: a ɗauki sigina a wurare da ke kusa da juna, inda ciyawa ta canja amma faffaɗan aibi bai canja ba. Yana aiki a kan aibi shimfiɗaɗɗe da furob miƙaƙƙe. Da furob mai kusurwa sai an gyara bambancin lokaci tukuna.

Mataki na 7: tacewa a kwamfuta

Ka adana siginar ɗanya, kuma kada ka taɓa rubuta komai a kanta. Saurin ɗauka ya ninka kaɗawar furob aƙalla sau 10. MHz 100 ga furob mai MHz 5 ya wadatar. Kowane bit na na'urar ɗauka kusan desibel 6 ne, mai bit 8 tana da kusan 48, mai bit 12 kusan 72. In amsar bayan ƙarfe ta cika allo ta yanke, babu lissafin da zai dawo da ita.

Fara da filta mai sauƙi. Yanko amsar ramin tubalin, ka yi mata FFT, lissafin da ke rarraba sigina bisa yawan kaɗawa, ka ga inda ƙarfinta yake. Kada ka dogara da lambar da ke jikin furob. Ƙarfe mai manyan ƙwayoyi yana cinye manyan kaɗawa tun a hanya, furob mai MHz 5 na iya dawo da amsa mai ƙololuwa a 3 ko ƙasa, ita kuma ciyawa ta fi taruwa a sama. Ka ɗora filtar Butterworth mai mataki 4 a kan ɓangaren da amsar take, ka gudanar da ita gaba da baya, kamar yadda umarnin filtfilt na manhajar SciPy ke yi, don kada ta matsar da lokacin amsa ta ɓata maka zurfi. Bayan nan ne za ka fitar da lulluɓin siginar, wato layin da ke bin saman tsinayenta, da lissafin Hilbert.

In hakan bai isa ba, sai hanyar webilet, wadda David Donoho da Iain Johnstone suka kafa wa tsarin yanke hayaniya a 1994. A wannan hanya ana raba sigina hawa-hawa bisa yawan kaɗawa. Da ɗaukar MHz 100, hawa na 1 ya ƙunshi 25 zuwa 50, na 2 ya ƙunshi 12.5 zuwa 25, na 3 6.25 zuwa 12.5, na 4 kusan 3.1 zuwa 6.25, na 5 kusan 1.6 zuwa 3.1. Amsar MHz 5 tana hawa na 4, ta MHz 2 tana na 5. A manhajar PyWavelets, nau'in webilet db4 ko sym8 da hawa 6 wurin farawa ne mai kyau. Ana kimanta ƙarfin hayaniya da lambar tsakiya ta girman ƙididdigar hawan, a raba da 0.6745. Iyakar yankewa ita ce wannan ƙarfin sau tushen murabba'in 2 ln N, inda N yake yawan ɗigon sigina: kusan 3.9 ga ɗigo 2,048. Abin da bai kai iyakar ba a mayar da shi sifili, a sake haɗa siginar.

Abu uku ke ɓata wannan aikin. Na farko, yawancin misalan da ke yawo suna kimanta hayaniya daga hawa na 1 kaɗai. Wannan daidai ne ga hayaniyar lantarki, amma ciyawa ba ta can, tana hawa ɗaya da amsar. Ka kimanta kowane hawa daban, daga yankin da ka tabbata babu aibi. Na biyu, yankewa mai laushi tana rage tsayin kowace amsa da girman iyakar, tsaga ta fito ƙarama fiye da yadda take. Yankewa mai tsauri tana barin tsayin, amma tana barin ƙananan tsinaye na bogi. Na uku, sakamakon yakan canja in sigina ta matsa da ɗigo kaɗan. Maganinsa shi ne nau'in da ba ya rage ɗigo, wanda ke PyWavelets da sunan swt.

Ga ciyawa zalla akwai raba bakan sigina, SSP, wanda Newhouse, Bilgutay, Saniie da Furgason suka bayyana a 1982, daga dabarar rada. Ana wuce da sigina ɗaya ta jerin matsattsun filtoci masu jere da juna cikin faɗin furob. Ciyawa haɗuwar amsoshi ce masu yawa, tana canja siffa daga filta zuwa filta. Aibi yana nan a lokaci ɗaya a dukkansu. A kowane ɗigo sai a ɗauki mafi ƙanƙantar ƙima, ko a bar ɗigon kawai in duk filtocin sun yarda a kan sama ko ƙasa. Yana buƙatar furob mai faɗin kaɗawa, kuma yana da saurin fushi: ka sa filta ɗaya a inda amsar aibin ba ta da ƙarfi, aibin ya ɓace ɗungum. Ka saita iyakokin a kan ramin tubali mai zurfi irin na aikin. Abin da SSP ya fitar na gano wuri ne, ba a auna girman aibi da shi.

Mai na'urar farantai da yawa yana da wata hanyar. A tsarin ɗaukar sigina da ake kira FMC, kowane faranti na bugu shi kaɗai, duka su saurara: farantai 64 suna ba da layi 4,096. Lissafin haɗa hoto da ake kira TFM, wanda Holmes, Drinkwater da Wilcox na Jami'ar Bristol suka bayyana a 2005, yana tattara waɗannan ya mai da hankali kan kowane ɗigo na hoton. Yana danne hayaniyar lantarki sosai, yana rage ciyawa gwargwado. Amma lissafinsa ya dogara da saurin sautin da ka ba shi, a waldar ƙarfe mara tsatsa kuwa saurin na canjawa da kusurwa, hoton ya dushe ko aibin ya goce.

Mataki na 8: koma kan tubali

Duk abin da ka yi wa siginar kayan, ka yi wa siginar tubalin da lambobi iri ɗaya. Duba abu uku: tazarar amsa da hayaniya ta ƙaru a kan lambar mataki na 1, zurfin ramin bai matsa ba, kuma rami mafi ƙanƙanta da mafi zurfi har yanzu yana fitowa. In tubalin na da tsagi a gindin walda, shi ma ya fito ta gefe biyu. Sannan ka gwada tacewar a kan yankin da babu aibi, ka ga ko tana ƙirƙiro tsini. A sake duba saiti aƙalla duk awa 4 da kuma ƙarshen aiki, haka duk lokacin da aka canja furob, waya ko man haɗi.

A rahoto a rubuta furob, kaɗawa, filta, yawan matsakaici, irin tacewa da iyakarta, da tazarar da aka samu a kowane zurfi. Inda tazarar ta gaza abin da ƙa'ida ta nema, a rubuta cewa wannan yankin bai gwadu ba, a faɗi daga ina zuwa ina. Cikin waldar sai a duba shi da hoton rediyogirafi, fuskarta kuma da ruwan rini mai shiga tsaga. Garin maganaɗisu ba ya aiki a kan 304 da 316.